Dinya Mai Rai a Tsakiyar Gora

Waɗanda ke ɗakin ran nan ba su da yawa, kuma zan faɗe su don kada gobe wani ya ce ba ya nan. Akwai ɗana na fari, wanda har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba, direba ne a wani ofis can unguwar Dokki a nan Alƙahira. Akwai matarsa, yarinya mai hankali, sai dai idonta ba ya iya ɓoye abin da ke cikinta. Akwai ɗan Auta ƙanwata, mai karatun addini, ya taso tun daga unguwar Hayyus Sabi' bayan sallar Juma'a da ledar lemo a hannu, shi da ba ma ganinsa sai da salla. Akwai jikata, haifaffiyar Alƙahira, mai ce mini Teta kamar 'ya'yan Misirawa, ita ce kuma ke zuba maganar nan a takarda, don ni ban taɓa shiga aji ba. Sai ni. Sai wani buhu da aka jingine a bayan ƙofa.

Buhun na maigidan ɗana ne, wani Bamisire mai son harbin tsuntsu a tafkin da ke can wajen gari. Da asubar washegari za su tafi, shi ya sa aka kwana da kayan a wurinmu. Jikata ba ta ganin abu a ɗaure ta bar shi. Ta kwance bakin buhun, ta zaro wani abu, ta ɗora mini a cinya.

"Teta, ga 'yar'uwarki. Ita ma kullum wuya a miƙe tana gadin mutane."

"Ke da ubanki," na ce. "Ɗauke mini wannan abin."

Amma ban bari ta ɗauke ba. Dinya ce ta roba, cikinta iska, an zana mata gashi ɗaya bayan ɗaya, har da ido mai ƙyalli. Na ɗora ta a tafin hannuna, na hura mata iska a gefe, ta juya. Rabon da in yi wannan hurawar tun ban fara ɗaura zani a ƙirji ba.

Mu a bakin fadama muka tashi. Ba irin kogin nan na Misirawa ba, da aka gina masa bango hagu da dama aka jera masa fitilu. Ruwanmu shi ke zaɓar inda zai kwana. In damina ta ja baya sai ya bar tafkuna birjik, bado ya rufe wasu, shinkafar daji ta tsaya a gefen wasu, tsuntsaye kuma su sauko kamar an yi musu shela. Kirinjijiya ce ke tashe mu da fitonta kafin ladan ya gyara murya. A nan kuwa abin da ke tashe ni shi ne mai sayar da iskar gas yana dukan tukunyarsa da ƙarfe a ƙasan bene, da mai sayen tsofaffin kaya yana ihu kamar an yi masa mutuwa. Na kan kwanta in kasa kunne ko zan ji wani abu mai fuffuke, ba na jin komai sai tattabarun maƙwabta, su ma a keji suke kwana.

Babanmu ba masunci ba ne, ba kuma manomin kirki ba ne. Dinya ce sana'arsa. Wanda bai san dinya ba zai ce ai agwagwa ce babba. Ba haka ba ne. Agwagwa wawiya ce, dinya kuwa tana da zargi kamar tsohuwar da aka taɓa yi wa sata. Ba ta sauka inda ba ta ga 'yan'uwanta sun riga ta ba. Za ta zo can sama, ta kewaya, ta sake kewayawa, in ta ga ko inuwar da ba ta gane ba, shi ke nan, ta tafi da garken duka. Saboda haka Baba yake yi mata 'yan'uwa na gora. Yana da wata 'yar gona a bayan gida da ba ya shuka komai a ciki sai gora mai dogon wuya, tun tana ɗanya yake lanƙwasa wuyan da igiyar kaba, wasu ya sunkuyar da su, wasu ya bar su a miƙe. In sun bushe sai aikin ya dawo kanmu, ni da Auta, don hannunmu ne ke shiga ramin da yake fafewa a ƙasa. Mu yi ta kankarar cikin da ɓawon kawa har yatsunmu su yi jini, ɗacin gora ya cika mana baki, ko tuwo muka ci sai mu ji shi. Ya zo ya ɗauka, ya ɗora a tafin hannu, ya hura. In ba ta juya ba ya miƙo mana.

"A ƙara. Wannan in na sa ta a ruwa zama za ta yi kamar kututture. Dinya ta san 'yar'uwarta ba ta zama haka."

Abin da yake nema ke nan, rashin nauyi, yadda 'yar iskar safe za ta riƙa kaɗa ta, ta juya nan, ta juya can, kamar mai kiwo. Daga nan ya liƙe ramin da ƙaro, mu shafe bayan da baƙin tukunya, cikin da farar ƙasa, fuskar da jar ƙasa. Ido ne kawai ba ya sawa. Limamin garinmu ya taɓa tare shi a kan maganar siffanta abu mai rai, Baba ya ce to, ya bar wa Allah idon. Har ya mutu dinyoyinsa makafi ne. Ni da Auta mukan ɗauki tulinsu a ka, a cikin raga, tulin da ya fi mu tsawo, muna tafe muna dariya don ba mu jin mun ɗauki komai.

Jerawar ma da ƙa'idarta. Kowace ya ɗaura mata ɗan dunƙulen ƙonannen yumɓu a igiya, ya fuskantar da ita inda iska ke fitowa. Masu sunkuyayyen wuya su ne da yawa, mai miƙaƙƙen wuya ɗaya tak yake sawa a gefe. Na tambaye shi dalili, ya ce in duka suka ɗaga kai, ta sama za ta ce akwai abin tsoro a nan. In duka suka sunkuya, za ta ce ina mai gadinsu, wannan ba garken gaskiya ba ne. "Kowa na ci, ɗaya na kallo. Haka hankalinta ke kwanciya."

Ina riƙe da dinyar roba ina wannan tunanin, sai aka kawo abinci, tuwon shinkafa da miyar lalo, wadda su nan suke kira mulukiya suna ji kamar su suka ƙirƙiro ta. Na ɗaga kai na dubi ɗakin. Ɗana ya sunkuya yana ci. Ɗan Auta ya sunkuya yana ci, shi da bakinsa ba ya hutawa da ƙala da ƙila irin na malamai. Jikata ma an ja mata kunne, ta sunkuya tana ci. Surukata kaɗai ce ke tsaye a bakin ƙofar kicin, wuya a miƙe, tana kallona. An yi mini aikin ido a garin nan, kuma aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ci amanarsu ba. Na ajiye cokalin da suka koya mini ci da shi.

"Wa ya mutu?"

"Subhanallahi, Inna," in ji ɗana. "Ba wanda ya mutu. Ki ci abinci."

"An jera mini ku kamar gora a ruwa, kuna cewa in ci abinci. Kai malam ƙarami, lemon nan na mene ne?"

Ɗan Auta ya goge hannu, ya gyara zama irin na masu wa'azi. Ya ce ciwon cikin nan na uwarsa ya ci ƙarfinta. An kai ta asibitin birni, sun ce sai an yi aiki, aikin kuma ba su da kayansa. Shi da yayansa, wato ɗana, sun nemo hanya a nan, likita ya ga hotunan ya ce a kawo ta da wuri, in an daɗe ba ruwansa. Komai ya kammala. Auta ce ta ce ba inda za ta.

"Ta ce, Inna Babba, ke ma haka aka ce miki, wai kafin a yanke gero kin dawo. Ta ce ita ba za ta mutu a saman bene ba. Sai dai in ke kika faɗa mata da bakinki cewa in an gama aikin tare za ku koma gida. Ta ce ke ba ki taɓa yi mata ƙarya ba."

Na juya wurin ɗana. "To, za mu koma ɗin?"

Ya ci gaba da juya loma a cikin miya. Da na zo garin nan na ƙi yarda a kwance jakata. Tana nan ƙarƙashin gado a ɗaure, zani biyu kawai na ciro nake wankewa ina mayarwa. Gero an yanke, an sake shukawa, an sake yankewa, ni dai kullum sai a ce mini bari a ga likita, bari a sabunta takarda, ma'alish Inna, wato in yi haƙuri, bari zafi ya wuce. Ban taɓa tsare shi a gaban mutane ba sai ran nan.

"Inna, wane gida?" Ya faɗa a hankali. "Ɗakinki ambaliya ta kwantar da shi tun bara, na hana a gaya miki. Ciyawar kacalla ta cinye fadamar, ko kwalekwale ba ya ratsawa. Ɗan abin da aka shuka tsuntsun jan-baki ya sauka a kai. Duk wanda ke da ƙafa ya tashi. Inna Auta da wasu tsofaffi ne kawai suka rage, su ma don ba mai ɗauke su. In ta zo, ta zo ke nan. Khalas, magana ta ƙare."

Ɗan Auta ya karɓe, ya jawo Larabci, ya ce malamai sun yi sassauci a kan maganar da ba haka take ba in don a ceci rai ne. Na ce masa ya adana karatunsa, ban tambaye shi ko halal ne ba. Na tashi na shiga ɗaki da dinyar a hannu, ban ma san ban ajiye ta ba.

Akwai shekarar da gora ta daina aiki. Ban san ko wani ne ya yi gangancin kwashe su da rana tsuntsayen na kallo ba, ko kuwa dai wayonsu ne ya ƙaru. Garke zai zo, ya kewaya, jagorar ta yi ɗan kukan nan nata, don dinya duk girmanta muryarta ƙarama ce kamar shaƙuwa. Ta saurara. Gora ba ta amsawa. Sai ka ga sun miƙe sun nufi gabas. Muka yi ta dawowa da raga cike da gora, hannu babu nama. Gero ya ja baya a rumbu, Innarmu ta fara auna tuwo da ido. Ana nan wata safiya Baba ya yi harbin nesa don haushi, ƙwaya ɗaya daga bindigarsa adaka ta sami wata a fuffuke, ta faɗo cikin bado da ranta. Ya kamo ta tana dukansa da ƙayar fuffukenta har ta tsaga masa hannu. Na ɗauko wuƙa, ya ce in mayar. Ya datse mata gashin fuffuken, ya ɗaure ta a gindin tsamiyar gidanmu, ya ce, "Ke mai ido, ke za ki kula da ita."

Ta ƙi ci. Na kawo dawa, na kawo dusa, na tsinko mata ɗanyar ciyawar bakin ruwa, ko kallo ba ta yi. Tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta karkata kai, ido ɗaya a sama. Auta, da yake ita mai taushin zuciya ce, takan zauna nesa kaɗan tana yi mata 'yan waƙe-waƙen da ta ƙirƙira, ni kuwa zaginta nake. "Ci, shegiya, ko ki mutu mu huta." Ƙirjinta ya zama ƙashi. Sai wata safiya na fito na tarar ta sa baki a kaskon tana tsattsaga dawa. Na ruga ina kiran Baba ina murna. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallonta, bai yi murnar ba. Ya ce, "To, ta haƙura. Gobe ki ɗauko ta."

Muka fita da sanyin asuba, raɓa na jiƙa mana ƙafa, Auta da ragar gora, ni da dinya a hammata na rufe mata kai da tsumma. Baba ya jera gorarsa yadda ya saba, amma ran nan bai sa mai miƙaƙƙen wuya ba. A wurinta ya kafa turke a cikin ruwa, ya ɗaure mai ran. Muka kwanta a cikin ciyawa, sauro na cin mu ba damar mari. Gari ya fara fari. Can sai ga su, wani dogon zare baƙi a sama, sun yi nisa, ba ma ta kanmu za su bi ba. Ina kallonta. Ta daina motsi. Ta miƙe wuya har sai da na ga kamar zai tsinke, ta buga guntun fuffukenta, igiya ta fizge ta. Sannan ta yi kukan. Ɗan ƙaramin kuka, ta sake, ta sake. Wallahi ina gani zaren nan ya lanƙwasa. Ko kewayawar kirki ba su yi ba, suka sako ƙafafu, suka zubo a tsakiyar gora, ruwa na fallatsa, suna ta 'yan maganganunsu da ita. Adakar Baba ta tashi.

Ran nan har maƙwabta sai da suka ci nama. Auta ce kawai ta ƙi, ta juya wa akushi baya, Innarmu ta yi faɗa ta gaji. Ni na ci, ba zan ce ban ci ba, yunwa muke ji. Amma da yamma ina wanke gora na tambayi Baba, na ce, "Ta san abin da ta yi?" Ya ce, "Ba kiran su take su zo su mutu ba. Nata ta gani a sama, ba ta iya yin shiru." Ta yi mana shekaru a gidan nan. Daga baya ko ɗaure ta ba a yi, da ƙafarta take bin mu zuwa ruwa.

Abin da na zauna ina juyawa ke nan a bakin gado har aka kira magariba, ga hayaniyar unguwarmu Hadayek el-Maadi na shigowa ta taga, 'yan keke mai ƙafa uku na ta hon kamar ana korarsu. In na yi shiru, Auta za ta mutu a ɗakinta, a kan tabarmarta, a binne ta kusa da Innarmu, kuma ciwon ba zai yi mata da sauƙi ba. In na kira ta, za a yanka ta a ɗinke, wataƙila ta tashi, ta zo ta zauna tare da ni a hawa na biyar muna kallon bangon maƙwabta, ta koyi ci da cokali, jikoki su riƙa yi mata dariya in ta ji tsoron na'urar hawa bene. Ranar da tamu ta zo a kai mu wata maƙabarta ta yashi, a cikin mutanen da ko gaisuwarsu ba mu iya ba. Mutanen da, ko me za a ce da su, sun san inda za su kwanta. Mu an kai mu inda ake gyara ido da ciki, an rasa inda za a mayar da mu. Na duba ta ko'ina, ban ga inda alheri yake cikakke ba.

Surukata ta leƙo da shayi. "Inna, ki yi haƙuri. Wallahi ɗanki ma ba ya barci."

"Na sani," na ce. "Ke dai gobe in za a sake jera mini gora, kada a sa ki gadi. Idonki na tona ku."

Ta yi dariya, sai kuma ta fashe da kuka. Na ce ta ajiye shayin ta tafi, ba na son jiƙa.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ji ɗana na jan buhunsa zai fita. Na miƙa masa dinyar maigidansa, na ce ta fi ta Baba kyau, gaskiya ce kuma. Na ce kafin ya tafi ya kamo mini Auta a waya. Ya tsaya yana kallona, na ce ba kallo na sa shi ba. Wayar ta yi ta ƙara. Da ta ɗauka, kafin muryarta na ji zakara, na ji wata na daka can nesa, sannan na ji numfashinta, gajere, kamar mai hawan tudu.

"Yaya? Ke ce da sassafen nan?"

"Ni ce. Yaya jikin?"

"Jiki ya yi sauƙi."

"Ƙarya kike."

Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Yaron nan ya zo miki ko? To faɗa mini, Yaya. In na zo, tare za mu dawo?"

Na riga na shirya abin da zan ce. Na yi niyyar in gaya mata komai, ɗakina da ya faɗi, jakata da ke ƙarƙashin gado, bangon da nake kallo, in bar ta ta zaɓa da idonta a buɗe. Na ce, "Auta, ba zan ce miki za mu dawo ba. Ba na jin akwai mai dawowa." Daga nan ya kamata in yi shiru. Amma ga muryarta a kunnena, ga dakan nan na tashi a bayanta, sai na ji bakina ya ci gaba shi kaɗai. "Ni dai ba ni da wanda zan yi wa maganar fadama. Na yi ta faɗa musu, ba su san kirinjijiya ba. Ke kaɗai kika rage mini."



"Yaya," ta ce, "kin fara cin dawarsu ke nan."

"Na fara."

"To. Ki ce wa yaron ya aiko a ɗauke ni."

Ɗana ya karɓi wayar yana hamdala, yana cewa tamam, tamam, wato madalla, ya sauka da buhunsa a kafaɗa, buhun da ya fi shi faɗi amma ba ya jin ya ɗauki komai. Ni kuwa na koma ɗaki, na durƙusa, na jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Na fito da zannuwana na jera a cikin kabad ɗin da aka ba ni tun zuwana. Sannan na tura katifata jikin bango, na share wurin da ke gindin taga na shimfiɗa mata tabarma, don daga nan ne in mutum ya karkata kai yake iya ganin sama kaɗan.